Ƙurar Da Ta Biyo Ni Gida

Shekara goma sha ɗaya ina fasa batir a Suwame,
bayan rumfar Oga Boakye, inda ƙasa ta yi furfura,
ciyawa ta yi rantsuwa ba za ta fito ba.
In tsiyaye ruwan, in zare farantan,
in hura wuta har dalma ta kwanta a kasko
tana sheƙi kamar azurfar da ba ta da mai ita.
Da ita na biya haya a Aboabo.
Da ita na yanka ragon sunan Zulaiha.

Ba wanda ya ce mini ƙura tana bin mutum gida.

Da magariba in sauko daga motar haya,
ta sheƙo a guje, ta cusa fuska a rigata,
rigar aiki, mai nauyin yini guda.
In ɗaga ta sama, ta kama yatsana da haƙora.
Har tsuntsu na zuba mata da ragowar narki,
ɗan mitsitsi, mai kan kurciya.
Ta yini da shi a baki, wai zaƙi gare shi.
Muka yi dariya, ni da uwarta.

Tana shekara huɗu ta san canjin koko:
"Inna, sidi biyu ya bayar, ba ɗaya ba."
Masu saye su ce, wannan sai banki.
Ta gaida maƙwabta da Tonanci,
ta juyo ta yi mana tsiwa da Hausa.

Sai lissafi ya fara zuba
kamar gero a buhun da ɓera ya huda.
Ba a jin ƙararsa.
Fatiha ta riƙa tsinkewa a tsakiya,
ta tsaya tana kallon bango, baki buɗe.
Ciwon ciki da dare. Fushi ba dalili.
Malama ta ce taurin kai ne, ta sa bulala.
Gwaggo ta ce iska ce, aka kawo turare.
Na sayi rubutu, na sayi zuma,
na dawo na rungume ta da rigar nan dai.

A babban asibiti Sista Pokuwa ta ɗebi jini.
Ranar sakamako ba ta fara da takarda ba,
farcena ta kalla.
"Baba, aikin me kake yi?"

Ta ce ƙwaƙwalwar yaro ɗanyen daɓe ce,
abin da ya taka ta, sawunsa ya zauna.
Ta ce jiki ba ya gane dalma,
karɓarta yake kamar abinci, ya ɓoye ta a ƙashi.
Na ce, akwai wanki?
Ta ce za a rage, za a tare ta gaba.
Na ce, wadda ta wuce fa?
Ta gyara zaman tabarau.

Ban bar aikin ba, kada in yi ƙarya,
mai gida ba ya karɓar nadama a ƙarshen wata.
Amma rigar tana kwana a ƙusa, can Suwame.
Ina wanka a famfon bayan gareji
har fata ta yi zafi,
in kankare farce da tsinke kamar mai alwalar tuba.
Na faɗa wa Awudu, mai goyon wata bakwai a gida.
Ya ce, to.

Tsuntsun na rasa inda zan jefa shi,
ko'ina akwai ɗan wani mai tsince-tsince.
Na mayar da shi kasko.
Kai ne ya fara narkewa.

Yanzu shekararta bakwai.
Jiya muna zaune a dakali tana ƙirga motoci.
Ɗaya, biyu, har shida,
sai ta tsaya, leɓe yana motsi.
Bakwai tana kan harshena, nauyinta kamar dutse.
Na haɗiye.
Motoci uku suka wuce ba a ƙirga su ba.
Ina jira.